Yadda Ake Tara Kuɗi a Ƙungiyar Matan Unguwa Har a Yi Aikin da Ido Zai Gani

Na yi ma'aji, na yi sakatariya, yanzu ni ke duba littafi a ƙungiyar matan layinmu a Kano, kuma an sha kira na unguwannin maƙwabta in taya su kafa tasu. Cikin waɗanda na ga sun watse, kusan duk a kan tambaya ɗaya suka watse: wata ta ɗaga hannu a taro ta ce, "Wai nawa ne a asusu?" aka shiga kallon-kallo. Daga ranar zuwa taro yake ja baya, wannan ta ce yaro ba lafiya, waccan ta ce ta yi baƙi. Don haka duk matakan da zan kawo an jera su ne yadda kowace mamba za ta iya amsa wannan tambaya ko an tashe ta daga barci.

Kayan da za ku tanada

Littattafai uku masu bango mai kauri: na rajista, wanda ke ɗauke da sunaye da kuɗin wata, na shiga da fitar kuɗi, da na abin da aka yanke a taro. Kada a haɗa su a littafi ɗaya, ko da kuɗin sayen uku ya yi wuya. In ya kama, a sayi na 'yan makaranta guda uku a yi musu bango da kwali.

Littafin rasit mai kwafi. Tawadar dangwale saboda waɗanda ba sa sa hannu. Biro ja da shuɗi: shuɗi na abin da ya shigo, ja na abin da ya fita. Akwatin ƙarfe mai wurin kwaɗo biyu, kowane mai walda zai haɗa muku. Waya ƙarama da layi na ƙungiya, ba na wata mamba ba. Sai wurin zama: tsakar gidan dattijuwar da kowa ke jin nauyinta, ko ajin Islamiyya bayan an tashi.

Sai mutane. Mata goma sha biyar zuwa ashirin da biyar sun isa a farko. In sun gaza goma kuɗi ba ya taruwa, in sun haura talatin taro ya zama gidan biki.

1. Nemi izini kafin a kira taron farko

Kowace mace ta fara da maigidanta, ta faɗa masa ranar taro, wurin taro da abin da za ta riƙa bayarwa. Na ga mata masu himma da aka hana fita saboda kawai miji a bakin wani ya fara jin labarin. Wadda ke cikin kulle ba a cire ta. Ta aiko 'yarta da kuɗi, a mayar mata da rasit, a kuma aika mata da bayanin taro.

Sannan dattijai biyu ko uku, tare da mijin ɗaya daga cikinsu, su je gaida mai unguwa. Ba dogon jawabi ake so ba: "Ranka ya daɗe, matan layi ne muka ga ya kamata mu riƙa haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa don marayu da masu haihuwa, muka ce ba za mu fara ba sai da saninka." Haka za a yi wa liman. Ranar da za ku buƙaci fili, ko shaida, ko a yi muku sanarwa bayan sallar Magariba, wannan gaisuwar ce za ta yi muku aiki.

2. Raba muƙamai yadda hannu ɗaya ba zai riƙe komai ba

Shugaba, sakatariya, ma'aji, da mai duba littafi. Ƙa'idar ita ce mai rubutu ba ta taɓa kuɗi, mai riƙe kuɗi ba ta rubutu. Akwati yana ɗakin ma'aji, amma makullai suna hannun wasu mata biyu daban.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba wadda ta fi kowa kuɗi ma'aji, wai ba za ta ci ba. Gaskiya ba za ta ci ba, amma ita ce ke da kasuwancin da zai sa ta ce bari ta juya kuɗin kafin ranar taro, kuma ita ce wadda ake jin nauyin tambaya. A zaɓi mai tsoron bashi, ko da ƙosai take sayarwa. Kada ma'aji da sakatariya su zama kishiyoyi, ko ya da ƙanwa, ko uwa da 'ya. In babu mai iya rubutun boko, a rubuta da ajami. In babu duka, a ɗauki budurwa 'yar sakandare ta riƙa rubutawa a gaban kowa, ana ba ta na sabulu.

3. Rubuta doka a shafi guda

Kuɗin shiga, kuɗin wata, ranar taro, tarar makara, abin da za a ba mamba in ta haihu ko an yi mata rasuwa, abin da za a yi wa wadda ta yi wata uku ba ta biya ba, da wa'adin shugabanni. Shekara biyu ya isa. A rubuta ƙarara cewa wadda ta fita ba ta da haƙƙin neman kuɗin watan da ta bayar, domin sadaka ta yi, ba ajiya ba. A karanta da ƙarfi, kowa ta dangwala. Wannan layin guda ya raba mu da rigima fiye da sau ɗaya.

4. Raba kuɗin gida-gida

Nan ne zan daɗe, don nan ake faɗuwa.

Gida na farko adashe ne. Kuɗin mutane ne, yana shiga yana fita a rana ɗaya, mai ɗauka ta ɗauka. Yana da amfani saboda shi ke jawo mata zuwa taro, amma ba kuɗin ƙungiya ba ne. Uwar adashe daban, littafinta daban. Ranar da aka ce a ranto daga asusun aiki a cike wa mai kwasa saboda mutum biyu ba su zubo ba, ranar aka fara haƙa ramin da ba ya cika.

Gida na biyu asusun jin ƙai: rashin lafiyar gaggawa, haihuwar da ta zo da tangarɗa, rasuwa, gobara. A yanke iyakar abin da shugaba da ma'aji za su iya fitarwa cikin dare ba tare da taro ba, su kawo bayani a zama na gaba.

Gida na uku asusun aiki, wanda ba a taɓa shi sai taro ya amince.

A ce ku ashirin ne, kowa na ba da N1,000 a wata. N20,000 ke nan. Ku sa N6,000 a jin ƙai, N14,000 a aiki. A takarda asusun aiki zai tara N168,000 a shekara, amma kada ku yi tsari a kan wannan adadin. Ku lissafa kamar mutum goma sha shida ne za su biya a kan kari, domin haka abin yake zuwa, musamman watan komawa makaranta da watan babbar salla.

Akwai gida na huɗu da ba kullum yake da kuɗi ba: zakka. Idan wani mai hali ya ba ku zakkarsa ku raba, a ajiye ta ita kaɗai. Zakka tana da mutanenta, kashi takwas da aka ambata a Suratut Tauba, ba a sayen kujerun haya da ita, ba a yashe kwata da ita. Ku tambayi mai bayarwa tun a bakin ƙofa, "Alhaji, zakka ce ko sadaka?" a rubuta amsar a rasit. In abu ya shige muku duhu, ku koma wurin liman.

Maganar rance kuwa, bashi hanji ne, yana cikin kowa, za a zo nema. Shawarata shekarar farko kada a ba kowa. Bayan nan, in za a bayar, daga ribar da ƙungiya ta samu kawai, ba ruwa a kai, da mai tsaya mata cikin mambobi, kuma a faɗa a gaban taro. Wadda ba ta so a ji ta ranta, to ba a asusun jama'a za ta ranta ba.

5. Inda kuɗi zai kwana

Akwati na ƙananan kuɗi ne. Mun koyi wannan a farkon 2023 lokacin canjin takardun naira, da muka buɗe akwati muka tarar da tarin tsofaffin kuɗi ana saura kwanaki wa'adi ya cika, sai da mata biyu suka wuni a layin banki. Da zarar kuɗi ya wuce abin da jin ƙai zai buƙata a wata, a kai banki, a asusun da sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu. Masu sa hannun za su buƙaci BVN da NIN, a tabbatar sunan da ke kan biyun iri ɗaya ne tun kafin a je. Alat ya riƙa shiga wayar ƙungiya, wayar kuma tana hannun mai duba littafi.

In ba ku kai ga buɗe asusu da sunan ƙungiya ba, ku buɗe na haɗin gwiwa da sunan mutum biyu. Abin da ba a yi shi ne a riƙa tura kuɗi asusun mijin wata, ko na mai POS na bakin layi, komai amanarsa. Mutuwa ba ta sallama, kuma magada abin da suka gani a asusu shi za su raba.

Wadda ta yi taransifa ta nuna shaida a taro a ba ta rasit kamar kowa.

6. Hanyoyin da kuɗi ke shigowa

Kuɗin wata shi ne ginshiƙi, amma shi kaɗai tafiyar hawainiya ce.

Ɗibar hannu: kowace mamba ta ajiye roba kusa da murhu, duk sanda za ta ɗora tukunya ta ɗebi cikin tafin hannu na shinkafa, gero ko wake ta zuba. Ranar taro a kawo a auna da kwano a rubuta. Ido ba mudu ba ne, a auna. Wannan ya fi dacewa da wadda ba ta da kuɗi a hannu, kuma za ki sha mamakin abin da ke taruwa kafin azumi.

Kayan haya: ita ce hanyar da ta fi ciyar da mu gaba. Unguwa ba ta rabuwa da suna, biki, walimar sauka da zaman makoki. Ku fara da manyan tukwane, kuloli, farantai da tabarmi, kafin kujerun roba da rumfa. A rubuta sunan ƙungiya da fenti a ƙasan kowane abu. A ƙirga a gaban mai ɗauka, a ƙirga in ya dawo, a karɓi kuɗin ajiya da za a cire in an fasa. Mamba tana biyan rabi, gidan rasuwa kyauta. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin haya a ware shi na gyara da maye gurbi, in ba haka ba bayan shekara biyu za ku wayi gari da kujeru masu ƙafa uku. Mai ajiyar kayan a yanka mata wani abu, ɗakinta ta bayar.

Sana'ar lokaci: kafin salla a haɗa jari a yi cincin, alkaki, dubulan, turaren wuta ko sabulun ruwa. A karɓi oda da rabin kuɗi tukuna, sannan a je kasuwar Singer sayen fulawa, sukari da mai a sari. A biya waɗanda suka yi aikin ladansu kafin a kira sauran riba. In aka ce kowa ta yi don Allah, mutum huɗu ne za su ƙone a bakin wuta, shekara mai zuwa ba za su zo ba.

Anko: in za a yi bikin wata mamba, ƙungiya ta saro atamfa a Kantin Kwari ta ɗora 'yar riba da kowa ta san adadinta. Ba a bayar da shi bashi.

Gidauniya: ita ce ta ƙarshe, kuma ba a kiranta sai kun gama wani aiki da kuɗinku wanda za ku nuna. A rubuta takardar gayyata mai ɗauke da aiki guda, kuɗinsa, da abin da kuka riga kuka tara. A kai wa 'yan kasuwar unguwa, 'ya'yan unguwa da ke aiki a wasu garuruwa, da masu kemis da gidan burodi. A ranar, mai karɓa daban, mai rubutawa daban, mai sanarwa daban. A yi shafi biyu: abin da aka ba da a hannu, da alkawari. Kada ku fara aiki da lissafin alkawari. Wanda ya faɗi adadi a lasifika ba lallai ya ɗaga waya ranar Litinin ba. Kuma a taƙaita kashe kuɗin taron. Na taɓa halartar gidauniyar da kuɗin abinci da rumfa da mai hoto ya cinye fiye da rabin abin da aka samu.

7. Zaɓen aiki

Kowa ta kawo abin da ke damun layinta, a rubuta, a ɗaga hannu. Aikin farko ya zama wanda zai ƙare cikin wata guda, wanda kuɗinsa ke hannu, wanda kuma mai wucewa zai gani. Yashe kwata kafin saukar damina misali ne mai kyau: ku sayi shebur, manjagara da baro, ku dafa abinci, matasan unguwa su yi gayya, a biya mai kwashe sharar a ranar. In aka bar ta a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito.

Kafin a sayi komai, mutum biyu su jiyo farashi a wuri uku. Mai jiyo farashi ba ita ce mai saye ba.

8. Gudanar da manyan ayyuka uku da aka fi nema

Abincin azumi da kayan sallar marayu. A yi jerin gidaje tun da wuri, a asirce, mutum uku kawai su san sunaye, a tabbatar da mai unguwa. A sayi gero, masara da wake da kaka, a kasuwar hatsi ta Dawanau in da hali, lokacin da sabon amfani ya shigo. Ku saya don rabo, kada ku saya don jiran tsada. A 2025 farashin hatsi ya sauka, masu ajiya da yawa suka tafka asara, kuma kuɗin marayu ba na gwada sa'a ba ne. Wake a shanya shi ya bushe sarai, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban. In babu, jarka mai murfi mai kyau, a cika ta har baki. Kada a kusanto da fiya-fiya ko wani maganin ƙwari. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango.

Yadin salla a saya a kai wa tela tun kafin azumi ya kama, domin daga goma ga wata babu telan da zai kalle ki. A auna yaran, kada a yi kirdado. Rabo kuma da dare ake yi, gida-gida. Ba ma jera marayu a ɗauke su hoto; in masu bayarwa na son shaida, a ɗauki hoton kayan da takardar dangwale.

Kayan haihuwa. A je asibitin sha-ka-tafi na unguwa a tambayi ma'aikaciyar ɗakin haihuwa abin da suke cewa mai naƙuda ta zo da shi, a haɗa daidai da jerinta: safar hannu, auduga, sabulu, leda ta shimfiɗa, zani, da man chlorhexidine na cibiya. Mu sharaɗinmu shi ne a nuna katin awo. A kuma yi magana da mai adaidaita sahu biyu a unguwa waɗanda za su ɗaga waya cikin dare, a biya su daga jin ƙai. Ƙungiya ba ta sayen allura ko ƙwaya ta raba da kanta.

Ruwa. Kowa burinta rijiyar burtsatse, amma ku fara zagaya unguwa: sau da yawa akwai famfon tuƙa-tuƙa da ya mutu saboda roba ko sanda, gyaransa bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabon haƙa ba. In sabuwa za a haƙa, abu uku kafin a kira mai inji. Takardar fili, mai shi ya rubuta ya bayar wakafi, magadansa da mai unguwa da liman su sa hannu. Binciken ƙasa daga masani, kada a dogara da "maƙwabcinmu ya samu a nan". Sai yarjejeniya a rubuce: zurfi, irin bututu, da biya kashi-kashi, kashin ƙarshe sai ruwa ya yi kwanaki yana zuwa garau. A nisanta ta da masai da kwata. Tun ranar buɗewa a sa ɗan kuɗi a kan jarka, 'yan garuwa su biya fiye da masu ɗiba don gida, kuɗin ya tafi akwatin gyara. Ruwan da aka ce kyauta ne gaba ɗaya, ranar da famfo ya ƙone babu mai shi.

9. Karanta lissafi a kowane zama

Kafin a tattauna komai, bayan addu'a, sakatariya ta karanta: abin da ke nan a watan jiya, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, gida-gida. A buɗe akwati a ƙirga a kan tabarma. A zagaya da wayar kowa ta ga alat na ƙarshe. Minti goma ne. Ko ana sauri, ko ana ruwa, ko mutum biyar ne suka zo, a yi. A ɗauki hoton shafin a tura zauren WhatsApp, a yi saƙon murya saboda waɗanda ba sa karatu.

In lissafi bai daidaita ba, kada a yi hayaniya a taro. Mai duba littafi da dattijuwa ɗaya su zauna da ma'aji da sakatariya a bi rasit ɗaya bayan ɗaya. Yawanci mantuwa ce, an sayi kwaɗo ko an biya ɗan dako ba a rubuta ba. In ta tabbata an taɓa, a rubuta yadda za a biya, a karɓi akwati cikin mutunci.

10. Rajista, da baƙin da za su fara zuwa

Bayan shekara guda kuna tafiya, ku yi rajista a sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukumarku. Da wannan takardar rajista ce wasu ƙananan bankuna ke buɗe asusu da sunan ƙungiya. Rajistar amintattu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, sai in za ku nemi tallafin manyan ƙungiyoyi: tana buƙatar tsarin mulki a rubuce, sanarwa a jaridu biyu, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, banki kuma zai iya neman takardar SCUML, sashen hukumar EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. Kafin ku kashe wannan kuɗin, ku nemi shawarar matan da suka daɗe a harkar, irin na reshen da ke kusa da ku na FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, wadda tun 1985 take wannan aiki.

Da kun yi suna, 'yan siyasa za su aiko, musamman gab da zaɓe. Wanda ya kawo gudummawa a karɓa a ba shi rasit kamar kowa, amma ba a liƙa hotonsa a tankin ruwa, ba a ba shi littafin rajista, ba a tara masa katin zaɓen mambobi. Za kuma a zo muku da fom ɗin tallafi ana cewa kowa ta biya kuɗin cikewa ta kawo BVN. A mayar da mai fom ɗin wurin mai unguwa ya yi bayani a can.

In wa'adin shugabanni ya cika, a miƙa mulki a zaman da aka ƙirga komai: kuɗin akwati, takardar banki ta ranar, kujeru, tukwane, buhuna, da basukan da ke waje da sunan mai tsaya wa kowanne. Tsofaffi da sababbi su dangwala a shafi ɗaya. A sayi sababbin kwaɗuna a ranar, sannan cikin satin a je banki a canja masu sa hannu, da takardar taron da aka yi zaɓen.